Batir Biyu a Cikin Takaba

Shekaru da yawa a Nima, unguwarmu a Accra, idan miji ya rasu a layinmu, ni ake aika wa. Ba don ina da karatu ba. Iyakata Fatiha da 'yan surorin da nake salla da su, boko kuwa ko ƙofarsa ban leƙa ba. Ana kirana ne saboda na san yadda ake shigar da mace takaba, kuma kowa ya san ba na wasa. Ni zan tsefe mata kai, in cire mata 'yan kunne da awarwaro, in kwashe turare da kwalli da madubi in kulle, in nuna mata tabarmar da za ta zauna wata huɗu da kwana goma. Daga nan sai in riƙa faɗowa gidan ba zato ba tsammani. Idan na ji ƙanshin sabulu mai turare a jikinta, za ta ji daga bakina. Haka na ga tsofaffinmu suna yi a can gida kafin a kawo ni Accra ina amarya, haka ni ma na riƙe.

Abu na biyu da aka san ni da shi, gaba da gem, wasan nan na na'ura.

Duk na'urorin nan a kan idona suka shigo unguwa. Talabijin ta farko a gidanmu ta wani tela ce, ɗan haya, mai baƙi da fari. Yana ɗora ta a taga da yamma, yaran layi gaba ɗaya su zube a tsakar gida har ba inda za ka sa ƙafa ka je alwala. Na yi faɗa, na gaji, na saba. Sai gidajen bidiyo suka zo da bencina da allon alli a ƙofa. Su ma na yi faɗa. Kaset kaɗai na karɓa hannu bibbiyu, don ita ce wasiƙar irinmu: ƙanena ya yi magana a can gida, direba ya kawo, in zauna in ji tarinsa da kukan awakinsa ba tare da na roƙi ɗan wani ya karanta mini sirrina ba.

Gem kuwa ya zo ne a ƙarshe, wajen shekarun da jikoki suka fara yawa a layin. Wani saurayi da ya dawo daga waje ya kafa rumfar katako kusa da babbar gwata, ya rataya labule, ya sa talabijin biyu. Yaro ya ba da kwabo, a miƙa masa wani abu mai igiya, ya yi ta dannawa, wasu ƙarti biyu a cikin gilashi suna naushin juna. Ki aiki yaro sayen gawayi da hantsi, sai azahar ya dawo, ba gawayi, idanu jajur. Ina tashi daga sayar da koko da ƙosai, kafin in wanke tukunya, sai in ɗauki tsumagiyata in nufi rumfar. Yaran suna da mai gadi a bakin labule. Da ya hango ni sai ya yi ihu da Twi, yaren mutanen ƙasar, su watse ta ƙarƙashin katako kamar ɓeraye.

Mai rumfar ya taɓa tare ni, hannunsa a ƙirji.

"Hajiya, don Allah. Gara su zauna nan ina ganinsu, da su je bayan gwata su koyi busa hayaƙi."

"Kai ne uwarsu?"

"A'a, Hajiya."

"To ranar da ka haifi naka, ka zaunar da shi nan."

Ban san a cikin gidana abin zai same ni ba, kuma ta hannun babban mutum.

Ɗana na fari nake nufi. Ban taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa yana ji ba. Haka ake yi da ɗan fari a wurinmu. Idan ina nemansa sai in ce, "Ina mai albasa?" Albasa yake saro wa daga arewa, har ya tsallaka iyaka, ya rako motar zuwa kasuwar Agbogbloshie. Wata dawowa ya zo da wani abu a aljihun riga, bai wuce tafin hannu ba, ruwan toka, da ɗan gilashi a sama da maɓallai masu ruwan ɗorawa. Ba igiya, ba talabijin. A cikin gilashin wasu ƙananan bulo baƙaƙe ne suke sauka daga sama, mutum ya juya su ya jera. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana dannawa, abin yana tit-tit kamar ɗan tsako.

Na tsaya a kansa. "Kai da iyali, kana wasan yara?"

Bai ɗago ba. "Mma, kwana uku muke yi a boda muna jiran takarda. Wasu caca suke yi, wasu abin da ya fi caca muni. Ni bulo nake jerawa. Ki gode wa Allah, ɗanki ya zama magini."

"Magini, ina gidan?"

"Yana ciki, Mma. Hawa goma sha biyu. Ɗakinki ne a sama."

Matarsa tana wanki a gefe ta toshe baki da bayan hannu. Na harare ta, na wuce. Amarya nake ce mata, ko da yake shekararta uku a gidan. 'Yar Zangon Kumasi ce, marainiya, kakarta ce ta raine ta, ita ma ta rasu. Hausarta ta Zango ce, "ka" take ce wa namiji da mace, ta haɗa da Twi idan abin ya ƙure mata. Ni dai zan faɗi maganarta da irin bakina.

Da damina motarsu ta faɗi a wani gangare a hanyar arewa. Mutanen ƙauyen da ke kusa, Allah Ya saka musu, su suka yi masa sutura kafin labari ya iso mu. Ni da na wanke gawarwakin mata ba adadi, ban ga fuskar nawa ba. Jaka aka kawo mini, da takalmi ƙafa ɗaya. Hoto ba mu da shi, na katin shaidarsa ne kawai, kuma ya tafi da shi. Ban yi kuka ba. Mata suna shigowa gaisuwa ina cewa, "Sai haƙuri," kamar ni ce na zo yi musu ta'aziyya.

Amarya tana goyon 'yar wata uku. Da hannuna na shigar da ita takaba, kuma ban rage mata komai ba don tana surukata. Ita ma ba ta ba ni wahala ba. Tana zaune inda na ajiye ta, tana salla, tana shayar da 'yarta, tana cin abin da aka ba ta, ko da kaɗan. Har na ce wa maƙwabciyata mai goro, yarinyar nan tana da tawakkali.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, wata rana bayan azahar, gida ya yi tsit, 'yan haya duk suna kasuwa. Ina tsince wake a inuwa sai na ji. Tit. Tit-tit. Na ajiye faranti, na cire takalmi, na je na ɗaga labulenta.

Tana zaune a tabarma, ta lulluɓe kai da mayafi, abin yana cikin cinyarta, jaririya na barci a gefe. Raina ya ɓaci. Mijinta ko wata biyu bai yi a ƙasa ba. Da mai goro ce ta ɗaga labulen nan, kafin la'asar labari ya kai unguwar Maamobi.

Na miƙa hannu. Ta danna wani maɓalli, abin ya yi shiru, ta shafa gilashin da gefen mayafi, ta ɗora mini a tafi da hannu biyu.

Sai da na kai ƙofa ta ce, "Mma, don Allah ki ajiye mini shi da kyau."

"Ni za ki koya wa ajiya?"

Kuma da gaske na yi niyyar ajiye shi da kyau. Na san kayan ɗana ne. Na kuma san abin da iskar teku take yi wa kaya a garin nan. Rediyon marigayi maigidana haka ta lalace: an bar batir a ciki wata da watanni, ya tsiyayar da wani farin ruwa ya cinye ƙarafan. Don haka na juya abin, na zare murfin baya da farce, na ciro ƙananan batir biyu, na ƙulle su a tsumma daban, na nannaɗe shi kansa a sabon ɗankwali, na sa duka a cikin langa mai murfi, na tura can ƙuryar kabad. Har na yaba wa kaina.

Washegari kokon da na kai mata ya yi sanyi a kofi. Na ce zuciya ce, za ta sauko. Rana ta biyu tuwo ya dawo yadda ya tafi, ko yatsa ba a sa ba. Na yi faɗa, ta ce, "To, Mma," ta kai loma ɗaya baki ta daɗe tana juya ta. Ba gardama take yi ba, da gardama ce na san maganinta. Zama kawai take yi ta zuba wa bango ido. Kafin mako ya cika nono ya fara ɗaukewa. Jaririya ta kama, ta ja, ta saki, ta tsala kuka. Na dama kunun kanwa, na karɓo rubutu wurin malamin layinmu, na yi hayaƙi. Ta kurɓi kaɗan don kunyata, sauran ya kwana.

Ranar da na taɓa kan yarinyar na ji maɗigarta ta faɗa, na ce takaba ba ta hana zuwa asibiti ba. Na lulluɓe amarya na tasa ta gaba. Nas ta ɗora jaririya a sikeli, ta duba kati, ta dube mu, ta zazzaga mana faɗa rabi da Twi rabi da Turanci. Abin da na tsinta shi ne uwar ba ta da ciwo, yunwa ce, kuma idan ba ta ci ba 'yar ba za ta kai ko'ina ba. Madarar gwangwani da ta ce a gwada, yarinyar tofar da ita take yi.

Da muka dawo na rufe ƙofar ɗakin, na zauna a tabarmarta. Ban taɓa zama a tabarmar mai takaba ba, a tsaye nake yi musu magana.

"Amarya, 'yar nan ita kaɗai ya bari. Kashe ta za ki yi?"

Hawaye suka zubo mata. "Mma, ba da gangan nake yi ba. Abincin ne ba ya wucewa."

"Da yana wucewa. Me ya canja? Abin wasan nan? A kan abin wasa?"

Ta ce, "Ba wasa nake yi da shi ba, Mma. Lambarsa nake dubawa."

Sai ta yi mini bayani, a hankali, kamar mai tsoron kada in tashi. Ashe abin yana riƙe lambar wanda ya fi kowa ƙoƙari a kansa. Duk sanda aka kunna, ita ce take fara fitowa a saman gilashi, kuma tana nan har sai wani ya wuce ta. Ta ɗana ce a kai. Ya kafa ta wata tafiya da suka kwana huɗu a boda, ya dawo yana taƙama, ya ce duk Agbogbloshie ba mai kamo shi. Ita kuma ta ce za ta kamo. Suka yi ta yi a ɓoye, ni ban sani ba. Tafiyar ƙarshe ta roƙe shi ya bar mata abin, ya ce, "Riƙe, ki yi ta fama. In na dawo na tarar kin wuce ni, ni zan yi wankin jego na mako guda, a tsakar gida, Mma na kallo."

"Tun da aka kawo labari ban ƙara jera bulo ko ɗaya ba," in ji ta. "Tsoro nake ji kar in wuce shi. Kunnawa nake yi in gan ta, in kashe. Sai in ji kamar yana hanya."

Na ji kunya ƙwarai, amma na ji sanyi kuma, don na ɗauka gyaran yana hannuna. Na tashi da sauri na ɗauko langa, na kwance tsumma, na mayar da batir yadda na same su, na rufe murfi, na goge shi tas, na kai mata.

"Ungo. Ki duba, ki ci abinci."

Ta karɓa. Ta danna. Abin ya yi 'yar waƙarsa. Ina tsaye ina kallon fuskarta, ina jiran ta sake. Sai na ga ta kashe, ta ƙara kunnawa. Ta ƙara. Na leƙa. Ban iya karatu ba, amma wanda ya yi kasuwa ya san sifiri. Ƙwai ne a jere tun daga wannan gefe har wancan.

"Mma," ta ce, muryarta can ƙasa, "kin cire batir?"

"Na cire. Don kar ya lalace."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye shi a gefen tabarma, ta juya ta kwanta fuskarta ga bango. Daga baya ne na ji cewa ko canjin batir, ɗana ya koya mata yadda ake yi: ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kafin abin ya farga.

Washegari ban fita da koko ba. Na ɗaure abin a gefen zane, na hau torotoro, motar haya, zuwa Circle, wurin masu gyaran agogo da rediyo da suke jere a ƙarƙashin laima. Na wuce uku, na tsaya gaban wani da na ji ya amsa sallamar wani da Hausa. Na kwance na ajiye masa a kan akwatin gilashinsa.

"Akwai lamba a ciki, ta ɓace. Ka dawo da ita."

Ya kunna, ya juya shi, ya yi murmushi. "Hajiya, lafiyarsa ƙalau. Jikanki ne ya aiko ki?"

"Ban ce ba shi da lafiya ba. Lambar na ce."

Da na gaya masa ta wane ne, murmushin ya tafi. Ya ture kujerarsa ya ce in zauna.

"Kafra, Hajiya, sannu. Allah Ya jiƙansa. Amma abin nan ba shi da littafi a ciki. Batir ne yake riƙe masa tunani. Da kika cire, ya manta."

"Kaset ɗin ƙanena shekara goma tana akwati, ba batir, ba ta manta ko tari ɗaya ba."

"Kaset daban, Hajiya."

"Buɗe ka duba. Wataƙila ta faɗa wani lungu."

Don ya faranta mini ya kwance ƙusoshi huɗu ya nuna mini cikinsa. Wani ɗan koren faranti ne, da ɗigon baƙin abu a tsakiya kamar kashin kaza. Iyakar abin ke nan. Na daɗe ina kallo. A nan ɗana ya zauna kusan wata biyu bayan mutuwarsa, ni kuma na kore shi da farce.

Yana mayar da ƙusoshin ya ce, "Akwai dabara ɗaya. Ki samo mini lambar. Ina da abokai a nan, wannan wasan ruwa ne a wurinsu. Kwana biyu, za su kai ta, ko su kai kusa. Sai ki ce mata mai gyara ya dawo da ita."

Na karɓi kayana. Ban hau mota ba, da ƙafa na bi ta Kokomlemle, ina tafe ina juya maganar. Ƙarya ce mai amfani, kuma rai ne a tsakiya. Na san yadda zan yi in zaro lambar daga bakinta ba ta gane ba. Amma ina hango ta tana shafa gilashin da mayafi, tana kallon aikin yatsun wani ƙato da yake cin gyaɗa a ƙarƙashin laima, ni kuma ina tsaye na sani. Na riga na ɗauke mata na gaskiya. In kuma ba ta na bogi ta rungume, wannan ba zan iya kallo ba.

Da na iso na rufe ƙofa, na sake zama a tabarmarta. Na gaya wa bayanta komai, har da shawarar mai gyara da yadda na kusa karɓa.

"Na yi miki ɓarna, kuma ba ta gyaruwa. Ki yafe mini."

Ban taɓa ce wa na ƙasa da ni haka ba. Ba ta motsa ba. Jaririya tana ƙananan koke-koke, ta gaji da babba. Kwanon tuwo da miyar ayoyo da na bari da safe yana nan a rufe. Ban san me ya sa ba, na kwance gefen zane, na ciro abin, na danna inda na ga ana dannawa. Ya yi waƙarsa. Bulo ya fara sauka.

"Yaya yake yi?" na ce. "Ni ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Faɗa kawai nake yi."

Na danna wannan, na danna wancan. Bulo suka hau kan juna a tsakiya kamar an zubar da itace, suka kai sama, abin ya yi wani kuka ya mutu. Na sake tayarwa. Ya sake mutuwa. A na uku na ji tabarma ta motsa.

"Ba a tsakiya ake tarawa ba, Mma."

"To a ina?"

"Ki kai shi gefe. Hagu."

Na danna.

"Wannan dama ce. Hagu. Hagu, Mma! Juya shi! Kai, Mma, hagu na ce, hagu!"

Ihu ta yi mini, ihu sosai, har jaririya ta firgita. Sai ta ji abin da ta yi, ta dafe baki, idanunta waje. Surukar da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Muka kalli juna, abin ya mutu a hannuna.

Na jawo kwanon tuwo na buɗe. "Tunda bakinki ya buɗe, ga sharaɗi. Duk sanda ya mutu a hannuna, loma ɗaya."

"Mma, ai kafin a ce me kike kashe shi."

"Wannan kuma matsalarki ce. Ki iya koyarwa."

Ta ci lomar farko da ƙyar, tana kallona ko da gaske nake. Na kunna. Ban yi ha'inci ba, Allah Ya sani, iyakar ƙoƙarina nake yi, yatsuna ne na damun koko, sun yi wa maɓallan girma. Kafin a kira la'asar ta ci fiye da rabin malmala.

Ana cikin haka ta ce, "Mma, harshenki."

"Me ya samu harshena?"

"Kin ciza shi a gefe. Haka yake yi in bulo ya yi sauri."

Na ajiye abin. Na ce mata tun yana rarrafe yake haka. Idan yana son ɗaura igiyar wando sai ya cije harshe, har na taɓa shafa masa barkono don ya daina. Na gaya mata ranar da ya ɓata a kasuwa yana shekara huɗu, aka same shi yana barci a kan buhunan albasar wani Bazabarme. Ban taɓa ba wa kowa labarinsa ba. Kukan da ban yi a gaban mata ba, a nan na yi shi, ƙofa a rufe, surukata tana riƙe da hannuna da nata hannun mai maiƙon miya.

Daga ranar, kullum bayan azahar muna zama. Bangon gidan haya ba ya rufa asiri. Bayan kwana uku mai goro ta tare ni a bakin famfo.

"Hajiya, wani tsuntsu nake ji a ɗakin mai takaba. Ko kaji kuka fara kiwo?"

"Ni ce tsuntsun."

"Ke? Ke da kika kwashe mini madubi ina takaba, har da na cikin murfin hoda?"

"In kina so ki zo a koya miki. Amma ki zo da tuwonki."

Duk da haka maganar ta tsaya mini, sai na je wurin malam na tambaye shi daga bayan labule. Ya ce abin da aka hana mai takaba sananne ne: ado, turare, maganar aure, kwana a wani gida. Ya tambaya ko akwai caca a ciki, ko yana sa ta jinkirta salla. Na ce babu. Ya ce to shi bai ga inda aka hana ta abin da zai ɗauke mata kewa ba. Na dawo ina tuna matan da na tsaya a kansu shekara da shekaru. Ban taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu me take riƙe da shi a ƙarƙashin mayafi ba.

Kada a ɗauka na zama mai son gem. Har yau idan na ga yaro ya bar aike ya shige rumfa, kunnensa zan kama, kuma har yau ban ga amfanin ƙarti biyu su yi ta naushin juna a gilashi ba. Abin da na gane kawai shi ne mutanen yanzu suna zuba kansu a cikin waɗannan abubuwan, kamar yadda mu muke zuba namu a zannuwa da kwanuka, kuma abubuwan nan ba su da riƙon amana irin na kwano. Wanda bai san haka ba zai iya yin ɓarna yana ganin gyara yake yi.

Amarya ba ta karɓi abin da hannunta ba sai rana ta biyar. Na yi wani jeri mai kyau, saura rami ɗaya a gefe, dogon bulo ya taho, ni kuma na rikice zan ajiye shi a kwance. Ba ta san sanda ta fizge shi daga hannuna ba. Ta miƙar da shi, ta zura a ramin, layi huɗu suka ɓace lokaci guda. Ta ci gaba. Yatsunta suna gudu, ni ina ba ta kunun kanwa a ludayi tana kurɓa ba ta ko duba ba.

Sai na ga gaban rigarta ya yi duhu. Gefe ɗaya, sannan ɗayan.

"Amarya," na ce, "dubi rigarki."

Ta duba. Ta saki abin a kan tabarma yana tsakiyar wasa, ta ɗauko 'yar, ta sa mata. Yarinyar ta kama, ta ja, ta tsaya kamar ba ta yarda ba, sannan ta riƙe da hannu biyu. Muna jin haɗiyarta, ƙut, ƙut, har tana ƙwarewa, nono na gangarowa ta gefen bakinta zuwa kunne. Na tashi na je na ɗora wani kunun.